Naman da Ba Ya Buƙatar Wuta

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa yarda da risho ba. Babanmu ya saya mata har guda biyu a gidanmu na Unguwar Sarki, ta tura su ƙarƙashin gado, ta ci gaba da girkinta a murhun duwatsu uku da ke bakin ɗakinta. Idan an yi sallar Magariba an ci tuwo, garwashin bai gama mutuwa ba, sai ta tura rogo ko masara a ciki, mu jikokinta mu kewaye ta. Wanda yake kan cinyarta kullum shi ne ƙarami. Idan akwai nama a miyar ranar, sai ta tsattsage shi da yatsu ya zama kamar zare, ta busa, sannan ta sa masa a baki, ba tare da ta katse magana ba.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna," haka take fara tatsuniya. Mu ce, "Mun matsa, Iya."

Akwai wata tatsuniya da ba ma so, amma ita tana son ba mu. Wai a wani ƙauye ne, ana tsakiyar noma, mata na sammakon zuwa gona su bar yara da yunwa. Sai ga wani baƙo da faifai cike da nama ja wur, ba ƙashi, ba jijiya. Ya ce namansa ba ya buƙatar wuta, ba ya kuma lalacewa. Mata suka yi ta murna, kowacce ta karɓa ta miƙa wa ɗanta ta wuce gona. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tsaya ta ce, "Malam, naman wace dabba ne?" Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, ke dai ba ki da aikin yi." Matan ma suka taya shi dariyar.

Yara suka ci suka saba, suka ƙi tuwo, suka ƙi fura. Sai ƙishirwa ta kama su. Suka shanye randuna, suka shanye rijiyar gari, suka bi hanyar rafi a jere, manya na kira suna tafiya. Da aka nemi baƙon, an tarar ya ɗauke faifansa ya yi gaba.

"Sai aka yi yaya, Iya? Sun dawo?"

"Nan na sauke ta," in ji ta, tana juya masara. "Ku ci, kada ta huce."

Mukan yi fushi, don a sauran labaranta yara na komawa gida.

Iya ta rasu ina jami'a. Na yi aure, na samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati, muka kama gida a Unguwar Rimi. Maigidana yana aiki a Abuja, sai ƙarshen mako yake zuwa. A lokacin ɗana Sadiƙ yana da shekara biyu, kuma ba ya son abinci. Na gwada kunu, na gwada faten dankali, ya tofar. Wata rana na sayo yankakken naman sa na leda a kanti, irin wanda aka sarrafa ake sa wa burodi, an rubuta halal a jikinsa. Na ba shi yanki ɗaya, ya cinye ya miƙo hannu. Har hawaye na yi don daɗi. Daga ranar, kowace safiya sai in zaro daga firij, in naɗe masa biyu, ya ci a mota kafin mu isa gidan raino. Ban taɓa ɗumama shi ba, ai a dafe yake. Wuta takan ɗauke yini guda ta dawo, ban taɓa lissafa wannan ba.

Zazzaɓin ya fara ranar Laraba. Na ɗauka na sauro ne, na ba shi magani. Ranar Juma'a wuyansa ya ƙage, ya daina gane ni. Kwana goma sha tara muka yi a asibiti. Sanƙarau ne, amma likitar ta ce irin ƙwayar cutar da suka gani takan shiga jiki ta abinci. Ta tambaye ni abin da yake ci, na faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Hajiya, irin wannan naman idan za a ba ƙaramin yaro, sai an zafafa shi har ya yi tururi. Ko a firij ƙwayar tana rayuwa, balle wuta na zuwa tana tafiya. Ga gishiri ya yi wa yaro yawa. Ba abin kullum ba ne."

Na ce, "Likita, ke nan shi ne?"

Ta ce, "Ba zan iya rantse miki ba. Yara da yawa suna ci ba abin da ya same su."

Da ta ce shi ne, da na san inda zan ajiye laifin. Da ta ce ba shi ba ne, da na samu barci. Ta bar ni a tsakiya, kuma a nan nake har yau.

Sadiƙ ya rayu, alhamdu lillahi, amma kunnuwansa sun tafi. Kalmomin da ya fara koya, Mama, ruwa, mota, sun zube ɗaya bayan ɗaya. Yanzu shekararsa shida. Babansa bai taɓa ce mini komai ba, sai dai ya daina tambayata abin da yaron ya ci.

Na daɗe ina zaton darasin Iya shi ne a riƙa tambaya kafin a ci. Yanzu na fi tuna matan ƙauyen. Ba mugaye ba ne, gona ce ke jiransu, yara kuma na kuka. Ko sun saurari tsohuwar, da me za su maye gurbin naman? Ina jin Iya ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa zagin su ba a cikin labarin.

Watan jiya na je gidan ƙanwata Hauwa a Kinkinau da sassafe. Tana shirin fita aiki, mayafi a kafaɗa, 'yarta mai wata ashirin na tsaye a bakin firij tana buga ƙofarsa. Hauwa ta zaro ledar nama irin waccan.

Na ce, "Hauwa, don girman Allah. Ko ɗumama shi ki yi."

Ta dubi Sadiƙ da ke riƙe da zanena, idonta ya cika.

"Yaya, gas ya ƙare tun jiya, ba wuta, na makara. Ba ta cin komai sai shi. Ki faɗa mini me zan ba ta, wallahi zan ba ta."

Hauwa ta ciro yanki ɗaya daga ledar. Yarinyar ta miƙa hannu ta karɓa.