Ban Tambaye Ta Ko Ta Ci Ba

Lokacin da abin nan ya faru ina yarinya mai haihuwar fari, a wani ƙauye kusa da Tajaye, cikin shekarun farin da shanu suka ƙare. Maigidana yana aikin siminti a Malbaza, mahaifiyata kuwa ta daɗe da rasuwa. Don haka wankan jegona ya faɗa kan tsohuwar ungozomar garinmu, wadda ni ma ita ta yanke mini cibiya. Inna muke ce mata.

Safe da yamma takan ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa, ta tafasa, ta yi mini wanka da ganyen darbejiya, ta dama mini kunun kanwa da ɗan geron da maigidana ya aiko. Na ga ƙafafunta sun kumbura. Na ga sai ta dafa danga ta huta kafin ta sauke tulu. Na gani sarai, amma kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. A wurinmu mai haihuwar fari ba ta surutu gaban manya, ni kuwa na riƙe kunyar nan kamar za a ba ni lada. Sau ɗaya na tura mata ƙwaryar kunu ban ce komai ba. Ta turo mini, ta ce, "Sha, ɗiyata, ke ka shayarwa. Ni na ci." Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Ranar suna ba a samu rago ba, balle kai da ƙafafun da ake ba ungozoma. Kafin mu yi arba'in ta faɗi a bakin rijiya da tulun wankana, aka kai ta asibitin Illela a amalanke. Likita ya ce yunwa ce ta shanye jininta, ya tambaya wa ke ba ta abinci. Ashe mu huɗu masu jego take yi wa wanka, kowane gida yana zaton a wancan take ci.

Ta dawo, amma ba ta sake ɗaukar tulu ba. Na yi ta kai mata fura har Allah ya karɓi abinsa, kullum tana tsokanata wai ashe ina da baki. Har yau abin yana cina.

'Yan'uwana mata, kunyar da ta hana ku duba mai kula da ku ba tarbiyya ba ce. In ungozoma ta ce ta ci, ku tambaye ta a gidan wa.