Mai Rediyo da Siginar Motar Maigidana

Kullum da safe Mai Rediyo yakan share bakin shagonsa, ya jona ƙarfen narka dalma, ya ɗora gilashi a karan hanci, sannan ya amsa gaisuwa. Haka muka san shi tun 'ya'yanmu na goye. Yanzu ido ya gaji, ƙarshen watan nan zai rufe shago.

Marigayi maigidana direban babbar mota ne. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya juya fuska bango, ya daina magana. Likita ya ce in bai riƙa motsa hannun ba, shi ke nan. Mai Rediyo ya zo dubiya da gwangwanaye da batir da wasu ƙananan ƙwayayen fitila masu ƙiftawa da kansu, batir kawai ake haɗa musu.

"Direba, tashi ka ƙera mota."

"Da wane hannun?"

"Da wanda kake yi wa mutane daƙuwa a titi."

Ranar na fara jin dariyar maigida tun da ya kwanta. Ya ƙera motar, ya sa mata sigina gaba da baya, sai kowace ta riƙa ƙiftawa lokacin da ta ga dama. Ya fusata ya ture ta. "Wannan ai sai ta kashe mutane! Gaba na cewa zan juya, baya na barci."

Na ji tsoron kada ya sake juya fuska bango. Mai Rediyo kuwa ya cire ta bayan, ya kawo wadda ba ta ƙiftawa, ya ce a jera su a waya ɗaya, ta gaba ta ja ta baya. Na ce ya liƙa masa kawai a huta.

"Uwargida, in na liƙa, ta zama motata."

Mai Rediyo ya riƙe wayar, maigida ya riƙe ƙarfen narka dalma, hannu na rawa, har ya ƙona masa yatsa. Bai janye ba. Fitilun suka ƙifta tare. Daga nan maigida bai bar teburin nan ba, yana cikin ƙera wata motar Allah ya karɓi abinsa.

Kai ne ka tayar da shi zaune, Mai Rediyo, mai sanyin hannu. Tabon yana yatsarka har yau, na gani ranar ta'aziyya. Na gode, Allah ya saka maka, ya sanyaya idonka.

Ku masu jinya, ku daina ƙwace kowane aiki daga hannun maras lafiya. Ku riƙe masa wayar, ko da za ku ƙone.