Tsohuwar Ƙofar da Musaddiq Ya Ƙi Buɗewa

Musaddiq ɗan Makera ne, cikin shanu ya tashi. Karatu ya kawo shi Dutsin-Ma, ya koyi rubuta manhaja, ya zauna yana gyaran waya a bakin kasuwa. Ba shi da yawan magana. Da manhajar hanya aka san shi: 'yan sintiri su duba hanyar Kurfi da safe su sanar, ita kuma ta raba wa direbobi da 'yan kasuwa, ko "hanya lafiya" ko "kada a fito".

Bara, ana gobe kasuwar Kurfi, ya sabunta yaren kwamfutar da ya rubuta ta da shi. Sabon ya zo da tsaronsa a kulle, ba ya karɓar tsohon salon ɓoye saƙo. Nan take tsofaffin wayoyi suka yi shiru.

Alhaji Ɗayyabu, shugaban direbobi, ya iso shagon yana huci.

"Malam Musaddiq, me ka taɓa? Rabin tasha ba ta samun komai!"

"Layi ɗaya zan canza su dawo, Alhaji. Amma ta wannan tsohuwar ƙofar, wanda ya iya zai aiko saƙo da sunana."

"Wa ya iya? Mutanen daji jami'a suka yi?"

"Suna da masu yi musu."

"To buɗe mana ta gobe kaɗai."

Musaddiq ya ɗora yatsa bisa madannin. Gwaggonsa Batula, wadda ta goye shi, tana kai man shanu Kurfi daga Makera duk mako, wayarta kuwa tana cikin tsofaffin. In ya bar ƙofar a kulle, gargaɗi ba zai same ta ba. In ya buɗe, wata rana za ta iya karanta "hanya lafiya" ta ƙarya, ta shiga mota hankali kwance don ta yarda da shi. 

Ya janye hannunsa.

"Ba zan buɗe ba, Alhaji."

Alhaji ya fita bai yi sallama ba.

Da gari ya waye Musaddiq ya rufe shago ya tsaya a tasha, ya karanta saƙon 'yan sintiri da ƙarfi mota-mota. Makera kuwa muryarsa ba ta kai, ya kira gwaggo kiran bai shiga ba. Sai da la'asar wani direba ya ce ya gan ta ta sauka lafiya.

Har yau duk ranar kasuwa a tasha yake karya kumallo. Gwaggo ta ƙi sake waya. Shi take kira kafin ta ɗauki ƙwarya.