Garin da Mai Moussa ya samo wa 'yarsa

Duk wanda ya saba hawa bas ɗin safe daga Les Minguettes zuwa cikin Lyon ya san Mai Moussa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon direban nan da ke gaida kowa, har da masu shigowa fuska a murtuke kamar an yi musu dole. Ni a Paris nake zaune, a Belleville, amma matarsa Hamida yayata ce, don haka akwai wasa tsakanina da shi. Na tsokane shi iya tsokana a kan wannan gaisuwa tasa, bai fasa ba.

Ɗan masunta ne daga wani ƙauye na bakin tafkin Chadi. Rashin tsaro ya tashi ƙauyen shekarun baya, mutanensa suka watse, mahaifiyarsa ta koma Diffa wurin dangi. Bai cika maganar ba. Sai wata rana 'yarsa Raihana, lokacin tana ƙarama, ta dawo daga lakwal, wato makaranta, rai a ɓace. Malamarsu ta ce kowa ya faɗi garin da zai je hutun bazara, wannan ya ce wurin kakarsa, wancan ya ce ƙauyen babansa, ita kuwa ta rasa abin faɗi. Ta ce, "Baba, mu ina ne garinmu?"

Hamida ta ce min ranar ko abinci bai iya ci ba. Ya ɗaura niyya sai ya samo wa yarinyar nan gari, inda in ta sauka za a kira sunanta.

Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin wani ɗan ƙauyen masunta a bakin teku a kudancin Faransa. Da bazara ta zo muka cika mota, har da ni, muka tafi. Ƙauyen bai fi a zaga shi a ƙafa kafin shayi ya huce ba. Gidaje farare, ƙananan jiragen ruwa masu fenti shuɗi, koma a shanye a kan dakali, kyanwoyi suna jiran rabonsu, ga ƙarnin kifi ko'ina. Ni na toshe hanci. Shi kuwa ya tsaya ya shaƙa har cikin ransa, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Kowa ya san abin da ke kai mutum hutu bakin teku: ka kwanta a yashi, ka sha iska, ka koma gida. Ban da Mai Moussa. Gari na wayewa ya saka babbar riga ya nufi ofishin magajin gari. Sakatariyar ta tambaye shi wace takarda yake nema, ya ce shi baƙo ne, gaisuwa ya kawo. Matar ta yi ta kallonsa. Daga nan ya sa Hamida ta yi dambu aka kai wa maƙwabta, wasu suka karɓa da mamaki, wani kwanon kuma ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Ni kunya ta ishe ni, na koma saka baƙin tabarau.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a gidan da ke kallon namu. Matar wani tsohon masunci mai suna Fernand ce ta rasu. Aka kai ta, aka dawo, aka yi musabaha a bakin ƙofa, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Tsohon ya shiga gida shi kaɗai ya rufo ƙofa. Mai Moussa yana tsaye a taga yana kallo, sai na ga ya ɗauki kujera.

Na ce, "Yaya Moussa, ina za ka da kujerar mutane?"

Ya ce, "Zaman makoki."

"Makokin wa? Ka san shi ne? Wallahi nan ba a haka, sai su kira maka 'yan sanda. Bakansi muka zo fa, hutu kawai!"

Ya ce, "Shamsiya, ke dai ki ci gaba da bakansinki."

Ya je ya ajiye kujerar a gefen ƙofar tsohon ya zauna. Can Fernand ya leƙo ya tambaye shi da faransanci abin da yake so. Mai Moussa ya ce ba ya son komai, su dai a garinsu in mutum ya yi rashi ba a barinsa shi kaɗai. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya maida ƙofa ya rufe. Washegari Mai Moussa ya sake ɗaukar kujera. Ya zauna cikin rana, masu wucewa da kayan wanka suna waiwayensa, ni kuwa ina bayan labule ina jin kamar in nutse. Da rana ta yi sanyi ƙofar ta buɗe. Fernand ya fito da tasa kujerar da wata yagaggiyar koma, ya zauna yana ɗinki. Mai Moussa ya kama ɗaya bakin komar ya riƙe masa. Haka suka yi har magariba.

Tun daga wannan shekarar, duk bazara can suke zuwa. Raihana ta koyi iyo a can, ta koyi fitar da kifi daga koma, mai gidan burodi tana ajiye mata nata. Ni dai ban daina tsokana ba. Nakan ce masa, "Kai ɗan yawon buɗe ido ne kamar kowa. Ran da ba ka zo ba, wani zai shiga ɗakin, babu mai tambayarka." Sai ya yi murmushi. Amma Hamida ta ce maganar tana damunsa, don shi ma bai san gaskiyarta ba, kuma yana tsoron kada ya zama ya yaudari 'yarsa ne.

Bara, an gama ɗaure kaya za a tafi, aka bugo waya daga Diffa cewa mahaifiyarsa ta rasu. Kafin ya gama amsa wayoyi har an kai ta makwancinta, kuma babu halin tafiya. Ya kira mai gidan da suke sauka ya ce bana ba za su zo ba, an yi masa rashi. Na shigo jirgin ƙasa daga Paris na same su.

Wanda ya san Lyon a watan Agusta ya san yadda take zama wayam. 'Yan Nijar ɗin da muka sani duk sun yi tafiya. Mai Moussa ya ture kujerun falo, ya shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa kamar yadda ake yi, ya zauna da carbi. Mutum biyu suka zo suka yi addu'a suka tafi aiki. Tabarmin nan suka wuni babu kowa a kansu. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Mutumin da ya zauna wa kowa, yau ga shi daga shi sai mu.

Washegari da hantsi aka danna ƙararrawa. Raihana, wadda yanzu ta zama budurwa, ta je ta buɗe. Daga inda nake zaune na hango Fernand, ya ƙara tsufa, yana haki, ya saka kwat ɗin da na gan shi da ita ranar jana'izar matarsa. A bayansa ga mai gidan burodi, ga wasu masunta biyu ɗauke da akwatin ƙanƙara cike da kifi. A hammatar tsohon kuwa kujerarsa ce ta naɗewa, ya taho da abarsa tun daga bakin teku.

Raihana ta juyo ta ce, "Baba, mutanen garinmu ne suka zo."

Fernand ya dubi tabarmin, ya jingine kujerar a bango, ya cire takalmansa. Da ƙyar gwiwoyinsa suka yarda ya kai ƙasa. Ya zauna kusa da Mai Moussa, bai tashi ba har magariba.