Ɗinkin da Ya Ƙi Saki

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, har in riƙa neman tabarau yana kan hancina, akwai wata Asabar guda da na san ba za ta fita daga kaina ba sai an rufa mini ƙasa. Ranar ce na je bakin teku kallon ɗan yayata yana tsere da iska, na kuma ga ingancin ɗinkina da idona. Da ban gani ba ya fi mini.

Ni tela ne, amma ba telan riga ba. Shagona a unguwar Misfala yake a Makka, wani ɗan ƙuƙumi da in mutum biyu suka shigo sai ɗaya ya fita. Jakunkunan alhazai nake gyarawa, da zif ɗin akwati, da bel ɗin harami, da tamfol na rumfunan masu shago. Alhaji zai cusa dabino da dardumai da agoguna a jaka har ta yi ciki, ta fashe masa a bakin masauki, a kawo mini a guje. In na ɗinke, sai dai jakar ta mutu ta bar ɗinkin. Ba yabon kai ba ne. To, yabon kai ne, amma gaskiya ne, kuma a lokacin duk layinmu an san ba na son a koya mini aiki.

Yayata tana zaune a unguwar Rusaifa, nan cikin Makka, tun kafin in zo ƙasar, a can ta haifi 'ya'yanta. Babban ɗanta a lokacin ya haura talatin, yana aikin ofis, ba shi da hayaniya. Hausarsa irin ta 'ya'yan da aka haifa a can ce: yana ji sarai, amma in zai yi magana sai ya tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya, ya cike gurbin da Larabci. Aibinsa guda ne. Mutum an haife shi a Makka, garin da duwatsu suka kewaye, ko kududdufi babu, amma ya rasa abin da zai so a duniya sai teku. Duk ƙarshen mako zai ja mota ya nufi gaɓar Shu'aiba, ya tsaya a kan wani ɗan allo, ya ɗaure ƙugunsa da wata ƙatuwar laima mai dogayen igiyoyi, iska ta ja shi a kan ruwa. Kuma ba yawon shan iska suke ba, shi da abokansa. Gudu suke aunawa da agogon hannu, kowa yana neman ya wuce na ɗan'uwansa. Ranar da masunta suka ɗaure jiragensu saboda iska, ranar ce sallarsu.

Bayan an watse daga aikin Hajji, Misfala ta yi tsit, muna zaune muna korar ƙuda, sai ga shi da wata doguwar jaka a kafaɗa. Ya zazzage mini kayan a ƙasa, laima da igiyoyi da wata ɗamara mai kauri.

"Kawu, laimata ta yage nan," ya nuna mini. "Ka duba kullu, komai da komai, duk abin da ya saki ka kama shi."

Ya ce ya ajiye mota a inda bai kamata ba, ya fice. Iyakar bayanin da aka yi mini ke nan, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Yagewar ba wani abu ba ce, kafin la'asar na gama da ita. Sai na bi sauran kayan ina dubawa kamar yadda ya ce. A inda igiyar laima take haɗuwa da ɗamara na ga wani jan maɗauri, an naɗe shi a kan ɗan ƙarfe, an riƙe shi da irin mannen nan na takalman yara. Na ɗan ja shi da yatsa biyu, sai komai ya ɓalle, igiya ta faɗi gefe, ɗamara ta faɗi gefe. Na ce inna lillahi! Yanzu a kan wannan sakarcin yaron nan yake rataya ransa? Na tsine wa masu kamfanin, na ce Turawa sun iya tsada amma ba su iya ɗinki ba. Na ɗauko basilla da zaren nailan, na zaɓi ja daidai launin maɗaurin, na yi masa layi uku ta ciki, ɗinkin ɓoye, wanda ko ka sa masa fitila ba za ka gani ba. Na ga wani irinsa ƙarami a gefen ɗamarar, shi ma na kama shi, don ni ba na aikin rabi. Na ja da iya ƙarfina, ko gezau. Daren nan na yi barci da daɗi.

Da ya zo karɓa ya duba wurin yagewar, ya ce masha Allah, ya ce lallai ran Asabar in bi shi in ga aikina a sama. Na so in ƙi, sai yayata ta kira ni. Ta ce, "Don Allah ka bi shi ka gano mini abin nan da ido, ka yi masa faɗa. Kai ne kawunsa, maganarka yake ji." Haka na shiga mota a matsayin babba mai zuwa yin faɗa.

Tun kafin mu isa na ga iska tana shimfiɗa yashi a kan kwalta. Da na buɗe ƙofar mota sai da ta fizge ta daga hannuna. Hulata ta yi gaba, ban ma bi ta ba, na bar wa Bahar Maliya sadaka. Yashi yana dukan ƙwauri kamar ana watsa maka tsakin gero. Wurin wani dogon ruwa ne marar zurfi, a kwance lumui duk da iskar, bakinsa duwatsun murjani ne masu kaifi, bayansu kuma fili har zuwa wata tsohuwar rumfar masunta da ta rage ƙarafa kawai. Su kuwa 'yan wasan sai murna suke, suna rungumar juna kamar an yi musu haihuwa.

Ɗan yayata ya hura wa laimarsa iska da famfo, ya ɗaura ɗamara, wani abokinsa Balaraben Jidda ya taya shi ɗaga ta sama, ya nufi ruwa yana tafiya a karkace. Abokin ya dawo ya tsaya kusa da ni. Mutum ne mai son bayani, ni kuma Larabcina na kasuwa ya ishe ni ji. Ya nuna mini nasa kayan, wannan sandar tuƙi ce, wannan kaza ne. Sai ya dafa wani jan maɗauri a ƙugunsa, irin wancan sak.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa, "ka ga wannan? Duk kayan nan shi ne rai. In iska ta fi ƙarfinka, ja ɗaya za ka yi masa, laima ta sake ka ta faɗi. In ya ƙi, ga ƙaninsa a gefe. Shi ya sa ake yin su sako-sako, ko yaro ya ja su buɗe."

Na ce, "Sako-sako."

Ya ce, "Da gangan."

Na ce masha Allah.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. A daidai lokacin nan ɗan yayata bai shiga ruwa ba. Yana tsaye a baki yana gyara allonsa, tsakanina da shi bai fi taku hamsin ba. Ina da ƙafa, ina da murya, akwai reza a aljihuna kamar kullum. Amma sai na ji wani abu yana ce mini, yanzu kai da furfurarka za ka ruga a gaban yaran Larabawa ka ce ka yi gyaran gangar Auzinawa? Za su mayar da kai abin labari daga nan har Jidda. Na ce a raina ai shekara nawa yana wannan abu, sau nawa ya taɓa jan maɗaurin? In ya fito sai in karɓi kayan da sunan zan ƙara dubawa, in warware a shago, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Ina cikin wannan lissafi ya hau allo, laima ta cika, ya tafi.

Gaskiya abin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ya kwanta baya har kafaɗarsa tana neman taɓa ruwa, allon yana yanka, farin ruwa yana tashi a bayansa. Kafin in ce wani abu ya zama ɗan ɗigo a can ƙarshe. Ya juyo, ya wuce mu da wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Abokin yana tsalle yana ihu, wai yau ɗan yayata zai wuce gudun kowa. Zuwa na biyu ya fi na farko. Ni kuwa babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa. Da ya gama na biyu lafiya sai na fara samun natsuwa, har na soma shirya faɗan da zan yi masa a mota.

A zuwa na uku ne iskar ta yi wani irin tunkuɗowa, ni da nake tsaye a ƙasa sai da na durƙusa. Na ga allon ya tashi shi kaɗai yana juyi. Shi kuma laima ta ɗaga shi sama kamar tsayin bene, ta maka shi a ruwa, ta sake ɗaga shi, ta nufo gaɓa da shi. Abokin ya ruga yana ihu, "Fukk! Fukk!" wato saki. Kuma ɗan yayata yana ƙoƙarin sakin. Da idona na ga hannunsa ya je ƙugu ya ja, ya sake ja, ya koma kan ƙaramin ya ja. Duk mutanen da ke bakin ruwan nan suna mamakin abin da ya hana shi buɗewa, ban da mutum ɗaya. Zaren nailan ne layi uku, kuma ɗinkina bai taɓa ba ni kunya ba.

Ta ja shi a kan duwatsun nan da ciki, ta fito da shi fili, tana jan sa a yashi kamar buhu. Ina gudu ina faɗuwa, ina kiran sunansa, muryar da na hana shi ɗazu ta fito yanzu da ba ta da amfani. Abin da ya tsayar da ita ƙarafan rumfar masunta ne. Laimar ta faɗa a kansu, ta fashe, abokin ya yi tsalle ya danne ta. Da na isa ɗan yayata yana kwance, idonsa a buɗe, baki cike da yashi, hannunsa na dama ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Ya dube ni ya ce, "Kawu, bai saki ba." Na ce sannu.

Kafaɗa ta goce, wuyan hannu ya karye wuri biyu, fatar ƙirji da ta cinya kuwa duwatsu sun karɓi rabonsu. Kwana uku ina zarya asibiti, ina kai shayi, ana cewa kawu ya yi ƙoƙari. A rana ta uku abokin ya zo da ɗamarar a leda. Ya ce ya ja ya ja ya rasa gane kanta, ƙila gishiri ne ya cinye ta, zai mayar wa masu sayarwa su yi bayani. Yayata tana zaune a gefen gado da carbi. Da na yi shiru, da shi ke nan, gishiri ya ɗauki laifi.

Na ce ya miƙo mini. Na zaro reza, na buɗe bayan maɗaurin, na fara tsinke zaren a gabansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauke ni lokaci, don ya ɗinku. Da na gama na ja da yatsa biyu, ya ɓalle.

Ɗan yayata ya daɗe yana kallon zaren a tafin hannuna. Sai ya yi 'yar dariya, ta ƙure masa saboda ciwo. Ya ce, "Ni na ce duk abin da ya saki ka kama. Kuma ni ne ban gwada ba kafin in shiga. Ma'alesh, ba komai, Kawu, ba ka sani ba."

Wallahi na so in karɓi wannan in tafi gida da ita. Na ce, "Na sani. Abokinka ya gaya mini amfaninsa kana tsaye a bakin ruwa, ba ka shiga ba."

Yayata ta ajiye carbin. Ta ce, "Ka sani kafin ya shiga?"

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Me ya hana ka magana?"

Na ce, "Kunya."

Ta ce, "Kunyar wa?"

Na duba, ban ga wanda zan nuna ba. Yaran da na ji kunyarsu ko sunayensu ban sani ba, kuma ban sake ganin yawancinsu ba har yau. Ta ce in fita. Ta yi wata bakwai ba ta amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shi ya riga ta yafewa, har ya riƙa yi mini bikon uwarsa. Amma hannun bai koma daidai ba. Yatsunsa ba sa dunƙulewa, ba ya iya riƙe sandar tuƙi, bai sake hawa ruwa ba. Yayata ta samu abin da take so, ta hanyar da ba ta roƙa ba.

Ɗinkin nan rashin sani ne, kowa yana iya yin sa, ko da yake tambaya ɗaya da ta raba ni da shi. Shirun kuwa da sanina na yi shi, kuma shi ne yake hana ni barci. Abin da na koya shi ne, in ka gane ka yi kuskure, ka faɗe shi a lokacin da faɗin zai ceci wani, ko a gaban wa, ko za a yi maka dariya shekara goma. Gaskiyar da na faɗa a asibiti gaskiya ce, amma ta makara da kwana uku. Yanzu in ya zo gaishe ni a shago, hannu biyu yake miƙo mini, na hagu yana tallafe da na dama. Maƙwabta sai su ce kai, yaron nan akwai ladabi, kamar ba a Makka aka haife shi ba. Ni sai in ce haka ne, in karɓi hannun a hankali.