Ranar da Kwamfuta Ta Kulle Gonar Gwaggo

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina aikin malamar gona, ban da kwana ukun nan da kwamfuta ta kusa jawo wa gwaggona asarar gonarta. Har yau in na zauna zan buga kalmar sirri sai na yi bisimilla tukuna, alhali abin ya daɗe da wucewa.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa mata manoma. A Gusau nake zaune, ina zagaya ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Sun ba kowannenmu kwamfutar cinya, irin wadda aka kulle rumbunta gaba ɗaya. Da ka kunna ta, kafin ta nuna maka komai, sai wani shuɗin allo ya fito da ɗan akwati yana jiran kalmar sirri. In ba ka ba shi ba, duk abin da ke ciki a dagule yake, ko ɓarawo ya ciro rumbun ya sa a wata na'ura ba abin da zai iya karantawa. Ranar da aka yi mana wannan bayani har tafi muka yi don murna.

Gwaggon nan tawa ƙanwar babana ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu da gona guda, a wani ƙauye kusa da Karakkai. Maƙwabcinta na gona ya fara da cin iyaka, duk damina sai garmarsa ta ƙara shigowa, daga baya ya fito fili ya ce ɓangaren fadamar gaba ɗaya na ubansa ne, aro aka ba mijinta. A fadamar nan take samun shinkafar da suke ci shekara. Mutum ɗaya ya rage a garin wanda aka raba gonakin a gabansa, wani tsoho da kowa ke kira Baba. Wata rana da na je, na same shi a zaurensa na ɗauki bayaninsa da wayata. Da wayar ta cika sai na kwashe muryar na zuba a kwamfutar ofis, na goge ta waya, ni a dole mai tsari. Da bazara Allah ya yi wa Baba rasuwa. Mai gari ya sa ranar Alhamis za a zauna a raba gardama kafin a yi shuka, ni kuwa na ce wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, shaida tana hannuna.

Ranar Talata da safe na ce bari in kwafe muryar in mayar waya. Na kunna, shuɗin allon ya fito, na buga kalmar sirrina kamar kullum. Ta ce ba daidai ba. Na yi tsaki na sake bugawa. Ba daidai ba. To ni Allah ya yi ni da saurin hasala, maimakon in tsaya in yi tunani sai na hau ta da duka kamar mai dakan fura, na buga sau biyu a jere. Sai ga wani jan rubutu da ban taɓa gani ba, wai saura gwaji uku, daga nan za ta rufe, sai an kawo wata doguwar lamba ta ceto.

Innalillahi! Na duba maɓallin manyan baƙaƙe, ba a danne yake ba. Na kashe na kunna, na cire caji na mayar, na ma ɗaga ta na girgiza, ban san me nake tsammanin zai faɗo ba. Na zauna ina nanata kalmar a zuciyata har na fara shakkar kaina. Shekara biyu ina buga ta kullum, amma a ranar da an ce in rantse a kanta da sai na yi jim. Na yi bisimilla na sake gwadawa. Saura biyu.

Na kira babban ofishinmu. Mutumin da ke riƙe da lambobin ceto ya tafi aikin Hajji. Mataimakinsa ya ce in rubuto takarda, shugaba ya sa hannu, cikin mako guda za a duba. Na ce, "Malam, jibi nake bukata." Ya tambaye ni wane aiki ne na gaggawa haka, na rasa bakin cewa rigimar gonar danginmu ce na ajiye a kayan ofis. Na yi masa godiya na kashe waya, hawaye na zubo mini.

Maigidana ya ce in kai wa masu gyara. Na ɗauke ta na nufi kasuwa, wurin wani mai gyaran waya da kwamfuta da ake ta yabo. Ina cikin yi masa bayani, kafin in rufe baki, mutumin nan ya jawo ta ya buga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya danna.

Na ce, "Kai! Me ka yi?"

Ya ce, "Hajiya, yawancin mutane ita suke sawa."

Saura ɗaya. Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Na ce masa wa ya aike shi, ya ga na yi kama da yawancin mutane? Mutane suka fara leƙowa. Shi ko a jikinsa, ya ce abu mai sauƙi ne, in ba shi awa ɗaya ya goge ta tas ya zuba sabo, ta dawo kamar yau aka sayo. Na tambaye shi abin da ke ciki fa? Ya watsa hannu ya ce, "Ai wannan sai haƙuri." Na fizge kwamfutata na rungume ta kamar jaririya na fita. Yanzu in na tuna ina ganin bai yi don mugunta ba, haka ya saba, duk abin da ya ƙi buɗewa a goge shi.

Ina isa gida Gwaggo ta kira da wayar maƙwabta. Ta ce, "Ɗiyata, kina tahe dai ko? Mai cin iyakar nan ya tara mutanensa, yana ta cika baki wai ba mu da kowa." Na ce ina tafe, Gwaggo. Ta ce, "Muryar Baba tana nan lahiya?" Na ce tana nan. Ban yi ƙarya ba, tana nan ɗin, amma a kulle.

Laraba da sassafe na hau motar Tsafe. Akwai abokiyar aikina a can, ta girme ni, mace mai sanyin hali wadda a da nake yi wa tsiya cewa kafin ta gama buga layi ɗaya na gama shafi. Irin kwamfutarmu ɗaya, na ce ko ta taɓa gamuwa da irin wannan. Hanya kuwa kowa ya san yadda take da 'yan fashin daji, ba mai son la'asar ta same shi a kanta, don haka tun a mota nake duba agogo.

Na same ta a tsakar gida tana tsefe wa 'yarta kai. Na zayyana mata komai ina haɗa kalmomi. Ta ce in zauna in sha ruwa tukuna. Na ce ba ruwa ya kawo ni ba. Ta ce, "To ba zan taɓa ta ba sai kin sha." Na sha.

Ta kunna kwamfutar ta ajiye a gabana. Ta ce, "Buga, amma kar ki kuskura ki danna na shiga. A hankali, ɗaya bayan ɗaya." Na buga. Ta ce kar in faɗa mata kalmar, in dai gaya mata baƙaƙe nawa ne. Na ƙirga da yatsu na ce goma sha biyu. Ta sa ɗan yatsa a kan allo tana ƙirga ɗige-ɗigen da ke fitowa a akwatin. Goma ne.

Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce in share in sake, wannan karon idona a kan allo, ba a kan hannuna ba. Ina bugawa ɗigo na fitowa, ina bugawa ɗigo na fitowa, sai na zo kan wani baƙi na danna, shiru. Sau biyu yake a cikin kalmar, sau biyun kuma bai fito ba. Ashe duk haukan da nake yi, maɓalli ɗaya ne ba ya taɓawa, ni kuma ban taɓa ɗaga kai na duba ba.

Ta zaro tsinken tsifa daga kan 'yarta, ta sa bakinsa a hankali ta ɗaga maɓallin. Ni dai na rufe ido, ina jin kamar haƙorina ake cirewa. Ta ce, "Buɗe ido ki ga mai laifin." Ƙwayar riɗi ce guda ɗaya, ta maƙale a ƙarƙashi. Sai na tuna ranar Litinin a 'Yankuzo, mata sun kawo irin riɗi muna dubawa a faifai, kwamfutar tana buɗe a gefena. Ta hure wurin, ta mayar da maɓallin ya ce ƙas.

Ko da ɗige-ɗigen suka cika goma sha biyu, na kasa dannawa. Gwaji ɗaya ya rage, in kuma akwai wani kuskuren fa? Na share na sake bugawa har sau uku, muna ƙirgawa tare. Na ce ta danna mini. Ta ce a'a, kayana ne. Na yi salati na danna. Allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, na ce shi ke nan na kashe Gwaggo, sai ga hoton da na saba gani ya bayyana. Na fashe da kuka a tsakar gidan mutane. Kafin in tashi sai da ta sa na kwafe muryar a wayata da tata.

Alhamis da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai gari. Gwaggo na gefe da mayafinta, maƙwabcin na gaba da mutanensa. Aka ce in kunna. Muryar Baba na fitowa wasu dattawa suka sunkuyar da kai suna yi masa addu'a. Ya faɗi iyakar tiryan-tiryan, daga tsamiya zuwa bakin rafi, ya ce fadamar gadon mijin Gwaggo ce, ba aro ba. Na ɗaga kai ina kallon mutane, har da ɗan murmushina.

Tun ranar da na ɗauka ban sake sauraron muryar har ƙarshe ba, na manta akwai saura. Sai muka ji Baba ya yi tari ya ce, "Ɗiyar nan, ki kirawo mutum ukku su ji da kunnensu, gobe mu taka mu kahwa gamba bisa iyakar. Ni kwanana ya ƙare." Sai ga muryata, ras, a gaban kowa: "Haba Baba, ba sai an wahalar da kowa ba. Ai yanzu zamani ya wuce nan, ga shi na ɗauka."

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Mai gari ya dube ni ya ce, "Malama, da kin kira su, da ba mu zauna nan ba yau." Maƙwabcin ya ce ya san muryar, ba zai yi jayayya da mamaci ba, aka bar wa Gwaggo fadamarta. A ranar dattawa suka taka har gonar aka kafa ciyawar gamba a kan iyakar a gaban jama'a, ina biye da su a baya, kwamfutar a jaka, na kasa haɗa ido da kowa.

Sai a hanyar dawowa na gaya wa Gwaggo abin da ya faru tun Talata. Ta tsaya cak ta ce, "Yanzu abincin marayun nan a kan ƙwayar riɗi ya rataya, ban sani ba?"

Abin da na koya shi ne, haƙƙin mutane ba a ɓoye shi inda mutum ɗaya ne kawai ke da mabuɗi, komai kyawun makullin. Har yau ina ɗaukar murya, ina kuma kulle kwamfutata. Amma duk lokacin da tsoho ya ce mini in kira mutane su ji, ajiye wayar nake in tashi in kira su.