Durƙuson da maigidana ya yi a shataletale

Motar da maigidana ke ja ba tashi ba ce. Ta wani ɗan kasuwa ce nan Faskari, ya ba shi amana yana lodin Funtuwa. Tun da muka baro ƙauyenmu can gefen Tafoki gona ta gagara zuwa, makullin motar nan shi ne tuwonmu, shi ne hayar ɗakinmu. Mai motar kuwa sharaɗinshi guda ne, kowa a tasha ya san shi: direban da ya yi hatsari da laifinshi, ya aje makulli.

Ranar da abin ya faru ɗiyata ke fama da tari, na ce a kai mu asibiti. Ina baya, gefen dama, jikin ƙofa, tana bisa cinyata. Ni dama ba na barci a mota. Idona na kan titi, bakina na addu'a, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ke ko ke ce kwandasta?"

Mun shiga shataletale cikin Funtuwa sai ta gilashi na hangi gaban wata akori-kura, ta ɗauko buhunan masara. Ban samu na yi magana ba ta dake mu. Ƙofar ta lotso har ta taɓa cinyata, gilashi ya zubo cikin mayafina. Na dinga lalube yarinyar tun daga kai har ƙafa ina neman jini. Babu. Kukan tsoro kawai take.

Wanda ya fito daga akori-kurar dattijo ne mai farin gemu, wani Alhaji daga Damari. Jikinshi rawa yake, ya kasa ko rufe ƙofa. Maigidana ya leƙo ya ga muna lafiya, sai ya nufe shi, ya cire hula, ya durƙusa nan tsakiyar titi.

"Baba, sannu. Ka yi haƙuri. Ba ka ji ciwo ba dai ko?"

Alhaji ya dafa kanshi ya ce, "Na yafe maka, yaro. Ku riƙa kula."

Mutanen da suka taru suka ce to shi ke nan, ya amsa laifinshi, magana ta ƙare. Kafin 'yan sanda su iso an ture motocin gefe don hanya ta buɗe, fasinjoji kowa ya ɗauki kayanshi ya kama gabanshi. Wani kuma ya ɗauki durƙuson a waya. Hoton ya riga mu isa Faskari. Da maraice mai mota ya aiko a karɓi makulli.

Na tambayi maigidana a ɗaki. Na ce, "Malam, shi fa ya same mu. Mi ya kai ka durƙusa?"

Ya ce, "Sa'an mahaifina ne, kina kallo yana kyarma. In tsaya kanshi ina nuna mashi yatsa?"

Haka aka rene shi, haka aka rene ni. A garinmu ko babba ne ya taka ka, kai ne za ka ce sannu. Ban taɓa tunanin akwai wurin da za a ɗauki wannan a matsayin shaida ba.

A kwanakin ne na san mi ake nufi da inshora. Da ina zaton wata takarda ce da direba ke miƙa wa masu tsare hanya su duba su maido. Ashe irin wadda ke garemu, da wadda ke ga Alhajin, ba ta gyara motarka, motar wanda ka buge take gyarawa. Don haka sai an san wa ya bugi wa. In laifin maigidana ne, a gyara ta Alhaji, tamu ta zauna bisa wuyan mai ita, mu kuma mu rasa abinci. In na Alhaji ne, kamfaninshi ya gyara tamu.

Aka sa ranar zama a ofishin 'yan sanda. Cikin fasinjojin ni kaɗai aka san inda nake. Maƙwabciyata ta ce kar in je, wai wa zai yarda da shaidar mata ga mijinta. Ni ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Ban taɓa ce wa mai furfura ba haka ba ne, ko cikin gida, balle gaban maza masu kaki. Na yi ta maimaita maganar ina wanke-wanke, kullum in na zo tsakiya sai ta watse.

Ɗakin ƙarami ne, da benci biyu. Akwai wani ɗan sanda, da ma'aikacin inshora, da Alhaji, da mai motarmu yana ta danna waya. Alhaji ya fara da cewa shi fa ya riga ya yafe, mi kuma ake nema.

Mai inshora ya ce, "Alhaji, yafiya tsakaninku ce, Allah ya ba da lada. Mu sai mun san yadda aka yi kafin mu biya."

Alhaji ya gyara zama. "Ni bisa babban titi na taho. Shi daga ƙaramar hanya ya fito. Tun ba a haifi uban yaron nan ba, ƙaramar hanya ke jiran babba."

"Alhaji, ai sa'anka ne uban nashi," inji ɗan sandan, aka ɗan yi dariya. Sannan ya ce a shataletale babu babba babu ƙarama. Wanda ya riga ya shiga yana zagayawa shi ke da hanya, na waje ya jira. Tunda an ture motoci, abin da yake son ji guda ne: maigidana ya riga ya shiga, ko tare suka kai baki?

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ne ya ƙaddara."

Mai mota ya yi tsaki.

Ɗan sandan ya juyo gare ni. "Malama, ke fa?"

Na ja mayafi, na kalli tabon siminti a ƙasa. Na ce ni ban san doka ba. Abin da na sani, mota in tana zagaye takan tura mutum jikin ƙofa, kuma lokacin na riga na jingina, har na tare kan yarinya da tafin hannu kar ya bugu. Mun wuce bakin hanya guda, inda mai awara ke zama. Bayan nan ne na ga gaban motar Baba. Na ƙara da cewa, "Baba, ka gafarce ni."

Alhaji bai yi fushi ba. Ya kalle ni, sannan ya kalli goyon da ke bayana.

"Ɗiyata, ke ce jikin ƙofar? Da wannan jinjirar?"

Na ce eh.

Ashe bai sani ba. Ranar ko cikin motarmu bai leƙa ba, mutane sun kewaye shi suna ba shi ruwa. Ya yi salati a hankali, ya shafa gemu. Ya ce wa ɗan sandan, "Rubuta ni ne." Can kuma ya ƙara, "Amma da ba haka ake tuƙi ba." Ba wanda ya musa mashi.

Na sha tunanin wannan zama. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan. Alhaji ya yi tuƙi da dokar da ya tashi da ita, maigidana ya yi ladabin da aka koya mashi, masu kallo suka fassara abin da idonsu ya gani. Da na bi shawarar maƙwabciyata, da haka maganar za ta zauna har abada, kowa zuciyarshi fes, mu kuma muna gida ba abin dafawa. Har yau ban iya cewa durƙuson kuskure ne ba. Na dai san in na haifi ɗa namiji ya girma ya kama sitiyari, zan ce mashi ya gaida babba yana tsaye har sai hukuma ta zo.

Biyan inshora bai zo da wuri ba. Motar ta daɗe a gareji, maigidana yana kamasho a tasha, muka koma cin tuwo sau ɗaya. Bai taɓa ce mani na kyauta ba, bai kuma ce na yi rashin kunya ba. Ranar da aka gama gyara mai mota ya kira shi shago, ya jefa mashi makulli bisa kanta ya ce, "Gobe da asuba akwai lodi. Kuma don Allah ka rage ladabi."